Hodar zinaren ba ta da laifi: amsa kan zane mai tudu a katin hannu

Wata ƙanwata daga Sabon Gari, nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Tana yin katin gayyata da na barka da sallah da hannu. Ta ga irin rubutun zinaren nan mai tudu, wanda yatsa ke jin sa idan an shafa, sai ta ba da sautu aka sayo mata hodar da ake yin sa da ita daga Kano. Ta buga hatimi da tawadar ofis, ta barbaɗa hodar, ta kunna na'urar busar da gashi. Rabin hodar ya tashi sama, sauran ya maƙale a inda ba ta so, katin kuma ya kanannaɗe. Da ta sake gwadawa a kan wuta, zinaren ya narke amma ya dushe. Tana so ta san ko jabu aka sayo mata, kuma ko ta karɓi aikin kati 300 na wani biki da aka yi mata tayinsa.

Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Yadda kika kwatanta abin, ina kyautata zaton hodarki ta gaske ce, tunda ta narke. Don ki samu natsuwa, ki ɗebi ɗan kaɗan ki zuba a murfin gwangwani, ki riƙe da awartaki ki kara a saman wuta. Idan ƙwayoyin suka haɗe suka zama ɗigo mai sheƙi, ita ce. Idan suka ƙi haɗewa su yi sheƙi, to ƙyalƙyalin kwalliya ne, wanda ba ya narkewa a irin zafin da ke narkar da wannan hoda. Ana yawan rikita su biyun a kasuwa domin a ido kusan kamarsu ɗaya.

Wannan hoda roba ce da aka niƙa lukui aka haɗa ta da launi. Galibin irinta suna narkewa a zafin da ya kama daga wajen digiri 100 zuwa 150. Tawada ba ta da wani aiki a nan illa ta riƙe hodar a kan layin zanen har zafi ya iso. Da zafi ya iso, ƙwayoyin su narke su haɗe, su huce cikin daƙiƙoƙi kaɗan, su tsaya a saman takarda da ɗan tudu. Ya bambanta da aikin dukawanmu, waɗanda ke danna ƙarfe a jikin fata zanen ya nutse ciki. A nan ɗora abu ake yi a bisa takarda. Saboda haka abu uku kike nema: tawadar da ba ta saurin bushewa, takardar da hoda ba za ta kama ko'ina a jikinta ba sai kan tawadar, da zafi mai ƙarfi wanda iskarsa ba ta da ƙarfi. A gwajinki duka ukun sun kuɓuce, kuma kowanne yana da magani.

Tawadar hatimin ofis an yi ta ne don ta shige cikin takarda nan take, kada ta ɓata hannun ma'aikaci. Kafin ki miƙa hannu ki ɗauko hodar ta riga ta bushe. Wadda aka yi don wannan aikin ba ta da launi, tana da ɗan danƙo, tana kuma daɗewa a jiƙe. Wadda ta fi suna ita ce VersaMark ta kamfanin Tsukineko na Japan, idan kina da mai zuwa inda ake sayar da ita. In babu, ki je farmasi ki sayi gilisarin, ruwan nan mai kauri marar launi da mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu. Ki yanko siririn soso mai laushi ko ki ninka ƙyallen auduga mai tsabta, ki shimfiɗa a murfi mai faɗi, ki zuba gilisarin kaɗan da ɗigon ruwa biyu ko uku, ki baza shi da bayan cokali har ya shiga. Kada ya yi jagab. Idan kika danna hatimi kika ga ruwa ya taru a gefen layukan, ya yi yawa, kuma zanen zai fito da kumburarrun layuka da inuwar maiƙo kewaye da su. Abin da ake so shi ne fuskar hatimin ta yi ɗan sheƙi kawai. Ki riƙa ɗan bubbuga hatimin a kan soson sau da yawa a hankali, ya fi dannawa ɗaya da ƙarfi. A kan takarda kuma ki sauke shi a miƙe, ki danna, ki ɗaga a miƙe, ban da girgizawa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar a garin nan. Waɗanda ke koyar da wannan sana'a a bidiyon intanet yawancinsu suna zaune a ƙasashe masu laima, cikin ɗakunan da ƙura ba ta shiga. Mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu muna cikin hunturu, iska busasshiya ƙayau. Kin san tartsatsin nan da ke yin tas-tas idan kika cire hijabin nailan da dare, ko ki taɓa ƙofar mota ki ji ta ɗan ja ki. Wannan wutar tana taruwa a jikin takarda ita ma, musamman idan an zaro ta daga cikin leda ko an goge ta da hannu, kuma hodar roba ce marar nauyi, sai ta bi ta manne ko'ina. Ga maiƙon yatsa: a lokacin sanyi kowa ya shafa mai, duk inda kika taɓa a fuskar katin kin bar shaida, hoda kuma za ta kama wurin tamkar tawada ce. Da ido ba za ki gani ba sai bayan kin gasa, ki tarar da zanen yatsanki na zinare a gefen sunan amarya.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. Ki zuba cokali biyu na garin sitaci ko hodar jarirai a cikin safa mai tsabta ko hankici, ki ɗaure bakin. Kafin ki buga hatimi, ki bi fuskar katin duka da wannan ƙunshin, shafa ɗaya mai sauƙi. Yana kashe tartsatsin, yana kuma shanye maiƙo. Farin da ya bari a kan takarda mai duhu zai fita da ƙyalle bayan an gama aikin ya huce. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki zauna, ki riƙa kama kati ta gefe. Ki kashe fanka, ki rufe taga lokacin barbaɗawa, ki share teburin da jiƙaƙƙen tsumma ya bushe tukuna, domin ƙwayar rairayi ɗaya idan ta shiga narkakkiyar hoda ta zauna ke nan. Da safe kafin iska ta taso ya fi daɗin aiki. Da damina kuwa matsalar juyawa take yi: tartsatsi ya ragu, amma hoda tana dunƙulewa idan laima ta shige ta, takarda kuma ta fi lanƙwashewa. Ki riƙa rufe kwalbar da kyau.

Wajen barbaɗawa kada ki yi rowa. Ki ninka farar takarda biyu ki buɗe ta a ƙasa, ki zuba hoda a kan zanen har ta rufe shi ruf, ki karkata katin ragowar ta zube a kan takardar, ki mayar da ita kwalba ta bakin ninkin. Ba abin da ya yi asara. Sai ki ɗan ƙwanƙwasa bayan katin da farce sau ɗaya ko biyu. Idan kika buga da ƙarfi, wadda ke kan layin ma za ta zube, zanen ya fito da giɓi. Daga nan ki ɗaga katin wajen haske ki duba shi sosai. Duk ƙwayar da ta ɓace hanya ki ɗauke ta da busasshen ƙaramin burushin zane ko bakin gashin zabo. Wannan dubawar ita ce ke raba aikin gwani da na ɗan koyo, domin kafin zafi komai yana gyaruwa, har ki iya kakkaɓe duka ki sake, amma bayan zafi sai dai a canza kati.

Na'urar busar da gashi ki mayar da ita inda kika ɗauko. Da gangan aka yi ta ba ta kai zafin da ake buƙata ba, don kada ta ƙona fatar kai, iskarta kuma ita ce ta watsa miki hoda. Na'urar da aka yi don wannan aiki ƙarama ce, ƙarfinta wajen wat 300, zafi sosai, iska kaɗan. Idan za a sayo miki, a duba jikinta a ga an rubuta 220V zuwa 240V, domin kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, 220 ne. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka 110 zuwa 120 ne, da an soka su a soket ɗinmu sun ƙone. Wadda ta zo ta Najeriya ko Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa ba ta da matsala, adafta kawai take so.

Akwai abin da na fi ba mutane shawara a nan, domin yana kusa da kowa: na'urar hura zafi ta masu gyaran waya, wadda suke ɗaga ƙananan kayan cikin salula da ita. Ana iya daidaita zafinta daban, iskarta daban. A cire siririn bakin, a rage iska zuwa ƙasa, a fara da matsakaicin zafi ana ƙarawa har a ga hoda na narkewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In kina da ɗan'uwa mai wannan sana'a, ki je da katunan gwaji ki gani da idonki kafin ki kashe ko dala. Babbar ta masu fenti da aikin gini, mai wat 1500 zuwa 2000, zafinta yana haura digiri 500. Tana yi, amma sai a maki na ƙasa kuma daga nesa, kuma ba na son mai koyo ya fara da ita.

Ranar da babu kuran ma aiki ba ya tsayawa. Ana iya ba da zafin ta ƙasa. Dutsen guga na gawayi, ko na lantarki in da kuran, a jingine shi a tsaye, a kara bayan katin kusa da fuskarsa, ko a aza faranti na ƙarfe a kan murhun gawayin da ya gama hayaƙi ya zama garwashi, a riƙe katin a samansa. Ta wani ɓangaren ma wannan hanya ta fi, tunda babu iskar da za ta motsa hoda. Sharaɗin kawai kada harshen wuta ko hayaƙi ya taɓa takardar. Kyandir da fitilar kananzir suna barin baƙi a bayan kati, ki bar su.

Ga yadda narkewar take a ido, ki riƙe wannan da kyau. Ki bar na'urar ta yi zafi kamar rabin minti kafin ki nufi katin, domin iska mai ɗumi-ɗumi tana busar da takarda ta lanƙwasa ta ba tare da ta narkar da komai ba. Ki kama katin da abin maƙale shanya na itace ko hantsaki, bakin na'urar ya kasance kamar faɗin yatsu uku ko huɗu daga takarda. Ki tsaya a kusurwa ɗaya. Hodar zinare kafin zafi ba ta da kyan gani, launinta kamar ƙasa-ƙasa, gari-gari. Za ki ga ba abin da ke faruwa, sai can wuri ɗaya ya ɗan yi duhu, nan take ya rikiɗe ya yi sheƙi, sheƙin kuma ya fara tafiya a kan layin. Da kin ga haka ki matsa gaba, ki bi bakin sheƙin kina kora shi har ƙarshen zanen. Kada ki koma inda ya riga ya narke, kada kuma ki riƙa kaɗa na'urar hagu da dama kamar mai fifita. Abin da ya sami zinarenki a gwaji na biyu ke nan: zafi ya wuce kima, robar ta tsinke ta nutse cikin takarda, tudun ya kwanta, hasken ya mutu, wani lokaci har takardar ta yi rawaya. Idan kuma zafin bai isa ba, za ki ga wasu wurare sun rage gari-gari, su kuma suna goguwa da yatsa. Wannan mai sauƙi ne, a karkata katin wajen haske a nemo su a ɗan sake bi. Bayan an gama a ba shi daƙiƙa goma ko fiye kafin a taɓa.

Ki yi aikin a kan katako ko tayil, ban da tabarmar leda da teburin roba. Ki ɗaure mayafinki ta baya, nailan ba ya jure wannan zafin. A nisanta yara da kwalbar fetur, a buɗe taga idan an zo gasawa, domin roba ce ake narkarwa.

Lanƙwashewa daga takarda take farawa. Takardar ofis mai giram 80 (ma'aunin nauyin takarda ke nan) ba ta wannan aikin ba ce. Ki nemi kwali mai santsi, irin biristol, giram 250 zuwa 300. Mai kaushi yana kakkarya layi. Takardar hoto mai sheƙi kuma wata tana da rufin roba da ke kumbura a zafi, sai an gwada guntu. Dabarar da ta fi ita ce kada ki yi zanen a jikin katin kansa. Ki yi shi a wani yanki daban da ya ɗan fi fuskar katin ƙanƙanta, ki ɗan hura bayansa shi ma don zafin ya daidaita, in ya huce ki danne shi da littattafai masu nauyi, sannan ki manna shi a kan katin da salatif mai gam fuska biyu. Idan ɗaya ya ɓaci, guntu kika rasa. Takardar A4 idan aka raba ta biyu aka ninka kowane rabi tana ba da kati biyu masu girman santimita 10.5 da 14.8, waɗanda ke shiga ambulan C6 daidai. Kada layin ninki ya ratsa ta kan zanen, yana tsagewa.

Hatimi kuwa ba sai an yo odarsa daga waje ba, kuma gaskiya furannin Turawan nan da ke zuwa a fakiti ba su fi abin da ke gabanmu kyau ba. Ki zaga cikin Birni ki kalli zanen da magina suka fitar a fuskokin tsofaffin gidaje da kewayen fadar Sarkin Damagaram, ki kalli dagi, ki kalli adon da ke jikin jakunkuna da matasan fata na dukawa. Duka layuka ne masu kauri daidai, masu maimaituwa, irin waɗanda hoda ke so. Ki zana naki a takarda da baƙar tawada ki kai wa masu yin hatimin ofis, ki ce na roba zalla kike so mai mariƙin katako, ban da irin mai tawada a cikinsa. Ƙananan siffofi kina iya sassaƙa su da reza a jikin magogin fensir. Layin da ya yi siriri kamar gashi yana ɓacewa, faffaɗan fili kuma yana fitowa da ramuka. Hodar ma hawa-hawa ce: mai laushi sosai don ƙananan rubutu, matsakaiciya don yawancin aiki, mai manyan ƙwayoyi don tudu mai kauri. Idan ɗaya za ki saya, ki ɗauki mai laushin.

Sunan ango da amarya, ko na yaron da ya yi sauka, ana rubuta shi da hannu. Akwai alƙalamai na musamman masu irin wannan tawadar, amma alƙalamin kara na makarantar allo yana yi: a jiƙa ƙaro ya narke a tace, a ɗiga gilisarin a ciki don ya jinkirta bushewa, a gwada a guntun takarda har a samu kaurin da ke bin alƙalami ba ya malala. Kalma ɗaya ko biyu za ki rubuta ki barbaɗa, sannan ki ci gaba, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Rubutun ajami da zinare a kan kwali kore ko baƙi abu ne da ke tsayar da mutum. Sai dai ina roƙonki, ayar Alƙur'ani da sunayen Allah kada su hau katin gayyata. Kin san makomar katin biki bayan an watse, a ƙasa ake tsintarsa. A bar su ga abin da za a sa a firam a rataye, kamar shaidar sauka.

Idan hannunki ya faɗa, ki nemi hoda marar launi ko fara. Ki yi zanen da ita a farin kwali, ya huce, sannan ki bi kansa da launin ruwa ko tawada a soso. Robar ba ta shan launi, sai ki goge ta da ƙyalle zanen ya fito fari tas a tsakiyar launin, kamar yadda ake liƙa salatif a ƙafa kafin a sa lalle, a ɓare a tarar da zanen. Da hoda ɗaya sai ki samu katuna kala-kala.

Idan akwai rubutun da za a buga da inji, kamar rana da wuri da sunayen iyalai, shi ake fara yi. Katin da aka riga aka yi wa tudu ba ya shiga injin fotokwafi ko firinta mai amfani da zafi, domin zai sake narkewa ya ɓata katin ya ɓata injin mutane. Haka ba a goge shi da dutsen guga, ba a kuma rufe shi da ledar zafi. Rubutun firinta mai tawadar ruwa kuma a bar shi ya bushe sosai, har ya kwana in da hali, in ba haka ba hoda za ta kama shi.

Batun kati 300, shawarata kada ki karɓa a yadda aka kawo shi. Ki lissafa da kanki: ko da minti biyar kowane kati zai ci, daga shafa sitaci zuwa mannawa, awa 25 ke nan, ban da waɗanda za su ɓaci da lokacin da kuran zai ɗauke, ga shi hannunki bai saba ba tukuna, ranar biki kuma ba ta jira. Manyan maɗaba'u suna da injin da ke yin wannan aikin da hoda da zafi a kan dubban katuna, ba za ki yi gasar farashi da su ba. Abin da kike da shi wanda ba su da shi shi ne kowane kati da sunan mai shi, da zanen da babu irinsa a wani wuri. Ki ce wa masu bikin a buga na jama'a a maɗaba'a, ke kuma ki yi 20 ko 30 na musamman, na iyaye da surukai da manyan baƙi. Wajen yanka kuɗi ki sa kwali da ambulan da salatif da lokacinki, ki ƙara kwalin da zai lalace, domin hodar kanta ba ita ce mai cin kuɗi ba, ƙaramar kwalba tana yin katuna da yawa. Kafin ki ba su amsa, ki yanka guntaye goma daga irin kwalin da za ki yi aikin da shi, ki buga hatimi ɗaya a kowanne, ki gasa su ɗaya bayan ɗaya, biyu daga ciki ki ƙona su da gangan don idonki ya san iyakar. Mafi kyau a cikinsu shi za ki kai wa uwar amarya ta gani, a yi ciniki a kansa.